Dan Allah ku taimaka: dabuwar na fizik, sharji biyu sun hana ni kwana

BaAdara_1D (Tawa)

Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku, ya sanyi. Ni ɗiyar Premiyar D ce nan Tawa, wlh tun jiya da la'asar nike kan egzarsis guda har kuran ya tahi na ci gaba da hitilar salula, yanzu kaina kamar ya tsage. Mushenmu na fizik ya ba mu dabuwar za mu maida ran Litinin, kuma mutumen in ka rubuta amsa babu hanya zero yake ba ka ko da amsar daidai take, don haka ba amsa kaɗai nike biɗa ba, so nike in gane inda nike ɓata.

Ga shi na maida shi Hausa gwargwadon iko. Sharji biyu cikin iska, na A +4 µC, na B −1 µC (µC mikoro-kulom ke nan, kulom shi ne ma'aunin sharji, wato cajin lantarki), tsakaninsu santimita 30. M shi ne tsakiyar AB. An ba mu k = 9×10⁹. Tambaya ta ɗaya ƙarhin da ke tsakaninsu. Ta biyu shan elaktirik a M (bari in dinga cewa hili don kar a ce shan ruwa nike nuhi hhh). Ta uku potansiyel a M. Ta huɗu a nemo wuri N bisa layin AB inda hilin ya zama zero. Ta biyar aikin da ƙarhin lantarki zai yi in anka ɗauki ƙaramin sharji q = +2 nC daga M zuwa N.

Ta ɗaya na buga a kalkilatiris sau uku tana ba ni 400 N, ƙawata kuma 0,4 N ta samu, mun yi gardama har innarta ta kore mu daga ɗaki. Ta biyu da hannu na yi, na A ya ba ni 1,6×10⁶ na B 4×10⁵, tunda B negatif ne sai na ɗebe na samu 1,2×10⁶ V/m. Ta uku ma ɗebewa na yi, 240 000 − 60 000 = 180 000 V. To yayan ƙawar tawa ya duba ya ce ta uku daidai, ta biyu kuskure, wai 2×10⁶ ne haɗawa ake, da na ce mi ya sa sai ya ce haka nan dai anka koya musu ya hau motonshi ya tahi fada. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan: sharjin nan ba su sake ba, wurin bai sake ba, mi ya sa a ta uku a ɗebe a ta biyu a haɗa? Ta huɗu da ta biyar ko taɓa su ban yi ba.

ɗan_Tarminal_C (Yamai, Bukoki)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawarki ta fi ki gaskiya a ta ɗaya, 0,4 N ne, kuma na rantse na san abin da kika yi don ni ma ya ci ni bara. Kin buga 9 × 10 sannan kika danna EXP 9 ko? To maɓallin EXP ɗin nan, wasu kalkilatiris ×10ˣ aka rubuta a kai, shi da kanshi yana ɗauke da "sau goma", in kika ƙara buga ×10 a gabanshi kin ninka abin sau goma ke nan ba ki sani ba. Kin yi haka wajen k, kin yi wajen A, kin yi wajen B, goma sau goma sau goma dubu, shi ya sa 0,4 ya koma 400. Ki buga 9 EXP 9 × 4 EXP −6 × 1 EXP −6 ÷ 0,3² shi ke nan. Ko ma ki bar na'urar, 9×4×1 = 36, 10⁹ da 10⁻¹² sun ba da 10⁻³, wato 0,036, ki raba da 0,09 ki samu 0,4. Kuma ki rubuta cewa jan juna suke yi tunda alamarsu ta bambanta, suna son ganin wannan.

Dabara guda da nake yi a buruyon, ki lissafa k×q na kowane sharji sau ɗaya ki ajiye gefe, na A 36 000 na B 9 000, duk sauran tambayoyin rabawa ce kawai da r ko r², r ɗin nisa ke nan daga sharjin.

Ta biyu kam 2×10⁶ ne amma bayanin bari manya su zo, ni bak ke gabana kaina ya cika. Ta biyar aikin W = q(V na N − V na M) ina jin, V ɗin potansiyel ke nan, ki duba kayenki dai.

Mushe_mai_ritaya (Yamai, Yantala)

Salamu alaikum. Ɗiyata sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da kika ce hanya kike nema, Mushenku yana da gaskiya da yake hana maki in babu ita, ni ma haka na yi shekaru da yawa ina riƙe da alli ana jin haushina.

Kafin in shiga ta biyu, kalma ɗaya kan 400 N ɗin nan. Duk lokacin da kika samu ƙarfi ki raba shi da goma ki ga nauyin kilo nawa ke nan. 400 N nauyin kilo 40 ne, ya kusa buhun shinkafa. 0,4 N kuwa giram 40 ne, kamar ƙwan zabo guda a tafin hannunki. 'Yan sharjin mikoro da ke nesa da juna tsawon regil guda ba za su ja juna da nauyin buhu ba, da kin tsaya kin yi wannan tunanin da kin zargi kalkilatiris tun ba a kore ku daga ɗaki ba.

To ta biyu. Kuskurenki ba a lissafi yake ba, lambobinki biyu daidai suke, 36 000 ÷ 0,0225 = 1,6×10⁶, 9 000 ÷ 0,0225 = 4×10⁵. Kuskuren shi ne kin fara lissafi ba ki yi zane ba. Ɗauki bik yanzu ki ja layi, A a hagu B a dama, M a tsakiya. Ki ɗauka kin ajiye ɗan ƙaramin sharji pozitif a M, ki tambaye shi, A me yake yi maka? Zai ce tura ni yake yi, tunda dukanmu pozitif ne, yana kora ni zuwa dama. Ja kibiya doguwa daga M zuwa dama. Sake tambayarshi, B fa? Zai ce shi jana yake yi wajenshi, kuma B yana dama. Ja wata kibiya gajera, ita ma dama ta nufa. Yanzu dubi takardarki, kibiya biyu sun fuskanci gefe guda. Kin taɓa ganin amalanke ya kafe cikin rairayi a hanyar kasuwa, jaki na ja ta gaba mai shi na turawa ta baya? Wanene zai ce a ɗebe ƙarfin mutumen daga na jakin don wai ɗaya turawa yake ɗaya ja? Haɗuwa suke yi. 1,6×10⁶ + 0,4×10⁶ = 2×10⁶ V/m, yana fuskantar B.

Abin da nake gaya wa 'yan ajina kullum: wajen fili kar ku sa alamar − cikin formil. Ku lissafa girman kowane fili da lambar sharjin tsirara babu alama, alamar aikinta guda ne, ta gaya muku inda kibiya za ta duba, pozitif kibiya na gudunshi, negatif kibiya na zuwa gare shi. Da kin gama zana kibiyoyi alamar ta gama aikinta, ki sallame ta. In kibiyoyi sun bi gefe guda ki haɗa, in sun juya wa juna baya ki ɗebe, in sun yi kwana tsakaninsu sai ki koma ga Fitagor ko ki rarraba su bisa x da y. Ke abin da kika yi shi ne kin ga − kin ɗebe ba ki tambayi kibiya ba.

Potansiyel kuwa ba shi da kibiya sam, ba ya duban gabas ba ya duban yamma, lamba ce kawai da kowane wuri yake da ita, kamar yadda kowane wuri yake da tsayinshi daga ƙasa. Tunda babu kibiyar da za ta ɗauke wa alamar aiki, dole alamar ta shiga cikin formil da kanta. Kamar lissafin mai kanti ne da dare, kuɗin da ke cikin akwati a sa +, bashin da ake bin shi a sa −, a tara. A ya kawo +240 000, B ya kawo −60 000, jimla 180 000 V. Ashe a ta uku ma ba ɗebewa kika yi ba in an bi gaskiya, tarawa kika yi, ɗaya ne ya zo da alamar bashi. Ki kuma lura a nan da r ake rabawa, 0,15, ba r² ba, yara da yawa nan suke zamewa.

In kina son ki tabbatar abin ya zauna, gwada wannan a ka ba tare da bik ba. Sharji biyu masu girma ɗaya dukansu pozitif, a tsakiyarsu kibiyoyi sun yi karo sun kashe juna fili zero, amma potansiyel ya ninka biyu. Mai da ɗaya negatif, potansiyel a tsakiya ya koma zero, fili kuma shi ne ya ninka. In wannan bai ba ki mamaki ba kuma, to kin gane.

Ta huɗu ba zan yi miki ba. Zan ce dai layin ya kasu uku, hagun A, tsakaninsu, da daman B. Ki zana kibiyoyi a kowane kashi kafin ki rubuta ko da x guda.

Kai kuma ɗan Tarminal, koma ka buɗe kayenka na bara, ka juya formil ɗin aiki. W = q(V na inda aka tashi − V na inda aka sauka). Kar ka kai wannan zauren bak.

ɗan_Tarminal_C (Yamai, Bukoki)

Kai Mushe na gode, wlh na duba haka ne, da bambancin enarji potansiyel na rikita shi, wancan ne ake yin na ƙarshe a ɗebe na farko. Allah ya sa ba a ranar ba ne.

BaAdara_1D (Tawa)

Baba Mushe Allah shi saka da alheri, Allah shi ƙara lahiya. Zancen amalanken nan ya shige ni sosai, na zana kibiyoyin na zauna ina kallonsu ina jin kunyar kaina. Ɗan Tarminal kai ma na gode, EXP ɗin ne wlh, na je na ba ƙawata haƙuri tana ta yi mini dariya.

Na gwada ta huɗu amma ban bi maganarka duka ba Baba, gaggawa ta sa na tahi kai tsaye ga lissahi. Na ce N yana nesa da B da x ta dama, sai na rubuta 4/(0,3 + x)² = 1/x². Na buɗe baka na samu 3x² − 0,6x − 0,09 = 0, na yi delta kamar yadda munka koya a mat, sai amsa biyu sunka hito, x = 0,3 da x = −0,1. Na 0,3 na gane, santimita 30 bayan B. Na −0,1 kuma in na hahimta yana nuhin santimita 10 kahin B, tsakaninsu ke nan, kuma da na gwada wurin na A ya ba ni 36 000 ÷ 0,04 = 900 000, na B 9 000 ÷ 0,01 = 900 000, daidai wa daida! To wurare biyu ne ke nan? Tambayar kuma wuri guda ta ce. Sannan ta biyar, in sharjin zai tashi daga M zuwa N ai dole ya bi ta kan B, ya za a yi ya wuce?

mai_sola_Ader (Tawa)

Ni dai ba ɗan lise ba ne, a kolej na tsaya, aikina haɗa fano da batir da jan waya cikin gidaje, amma na biyo zancen nan tun sahe ina jin daɗi don abin da nike taɓawa da hannu kullum ne kuke kira da manyan sunaye. Zancen Mushe cewa potansiyel kamar tsayi ne, ni a wurin aiki na gane shi. Mita da muke auna bolt da ita wutsiya biyu gare ta, ja da baƙa, in ka ɗora guda ka bar guda a iska ba ta gaya maka komai na kirki, sai ka dahe wuri biyu sannan ta ce 12 ko 220. Yaron da ke koyon aiki wurina ran nan ya ɗora duka biyun bisa kai guda na batir ya ga zero ya zo da gudu wai batirin mutane ya mutu, sabo hul ko sati bai yi ba. Haka tsuntsu ke zama bisa wayar kuran yana gyaran gashinshi lahiya lau, ƙahwahunshi biyu waya guda sunka taka babu bambanci tsakaninsu, ran da babban tsuntsu ya buɗe hiffike ya haɗa waya biyu ranar ake tsintar shi ƙasa. Kar wani yaro ya karanta wanga ya ce zai gwada don Allah.

Amma ni ma ina da tambaya ga masu karatu. Kun ce bolt 180 000 a M. Mu 220 na cikin gida muna jin tsoronshi don yana kisa, to wanga dubu ɗari da tamanin da kuke rubutawa da bik hankali kwance, na gaskiya ne ko na takarda ne kawai? Ko shi ne irin wanda ke tsunkulin mutum yanzu da hunturu in ya kama ƙohwar mota, ko in ka yaye bargo da dare ka ga yana tartsatsi yana ƙara tas-tas?

harobanda_L2 (Yamai)

Salam. Ina shekara ta biyu fizik a jami'ar Abdou Moumouni, wanda aka sa wa jami'ar sunanshi ma ai malamin fizik ne ɗan Tasawa da ya yi aikinshi kan hasken rana, don haka mai sola kai ɗan gida ne a wannan hira.

Ƙanwata lissafinki bai yi ƙarya ba amma bai san komai game da kibiya ba. Ke kika tambaye shi ina ne girman filayen biyu ya zo daidai, shi kuma ya nuna miki wurare biyun da hakan ya faru. Girma ya zo daidai bai wadatar ba, sai sun kuma juya wa juna baya. A santimita 10 kafin B kina tsakaninsu har yanzu, jaki na ja mai shi na turawa kamar yadda Mushe ya ce, 900 000 da 900 000 haɗuwa za su yi su ba da 1,8×10⁶, ina zero a nan. Don haka ki rubuta a takarda cewa an yi watsi da x = −0,1 kuma ki faɗi dalili, akwai maki a wannan jimlar. Hagun A kuma kibiyoyin sun saɓa, amma A ya fi girma kuma ya fi kusa, B ba zai taɓa kamo shi ba. Saura daman B, inda ƙaramin yake kusa babban yake nesa, nan kaɗai za su iya yin kunnen doki. Ki duba: A yana nesa da mita 0,6, 36 000 ÷ 0,36 = 100 000, B yana 0,3, 9 000 ÷ 0,09 = 100 000, ɗaya dama ɗaya hagu. Kuma ba sai kin sha wahalar delta ba, ki ɗauki rasin kare ta kowane gefe, 2/(0,3 + x) = 1/x, 2x = 0,3 + x, x = 0,3, layi biyu an gama. Ma'anarshi a sauƙaƙe, A ya ninka B sau huɗu, kuma tun 1785 masanin fizik Kulom ya auna da ma'auninshi na siririyar waya mai murɗewa cewa in nisa ya ninka biyu ƙarfi na raguwa sau huɗu, to dole N ya kasance nisanshi da A ninki biyu ne na nisanshi da B, 60 da 30.

Yanzu ki lissafa potansiyel a N, 36 000 ÷ 0,6 − 9 000 ÷ 0,3 = 60 000 − 30 000 = 30 000 V. Fili zero amma potansiyel na nan daram. Ni abin da ya buɗe mini ido a kan wannan shi ne ranar da na lura da V/m ɗin kanshi, bolt nawa ke sauka a kowace mita, wato fili gangare ne, potansiyel tsayi. Ke da kike Ader kin fi ni sanin duwatsu, mutum na iya hawa har saman dutse ya tarar da wuri shimfiɗe ya ajiye tulu bai gangara ba, alhali yana can sama. Gwada da lamba ki gani, santimita 20 bayan B potansiyel 27 000 ne, a 30 ya kai 30 000, a 60 ya sauko 25 000, ashe bisa layin nan N ne ƙolin tudu shi ya sa babu gangare. Misalin yana da iyaka dai, sharji negatif shi hawan tudu yake yi maimakon gangarowa, kar ki manta in kun zo kan elaktaron.

Ta biyar, W = 2×10⁻⁹ × (180 000 − 30 000) = 3×10⁻⁴ J, pozitif, kuma ya dace da hankali tunda sharji pozitif ne ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Zancen bi ta kan B kar ya dame ki, aikin wannan ƙarfin ba ruwanshi da hanyar da aka bi, mafari da masauki kawai yake dubawa, ki zagaye B ta sama ko ta ƙasa ko ki kai shi Konni ki dawo da shi N, 3×10⁻⁴ ɗin ne dai. Ki rubuta wannan ma a takardar.

Ba a tambaye ku ba amma ina zargin zai fito a interro, inda potansiyel ke zama zero bisa layin. Nan r ne ba r² ba, don haka nisan A sai ya ninka na B sau huɗu, kuma wannan karon wurare biyun duka karɓaɓɓu ne tunda babu kibiya, santimita 6 kafin B da santimita 10 bayan B.

Mai sola, na gaskiya ne, kuma ka canka, dangin na bargo ne. Busasshiyar iska tana fashewa ta ba wuta hanya in fili ya kai wajen bolt miliyan 3 a mita, wato kamar 3 000 a milimita guda, don haka ɗan tartsatsin da ke tsalle daga yatsanka zuwa ƙofar mota dubban bolt ne. Abin da ya sa ba ya kisa, sharjin ɗan mitsitsi ne, kafin ka ce wash ya ƙare babu mai ƙaro wani. Na cikin gida 220 ne kawai amma akwai injin a bayanshi da ke ta turo sharji muddin kana riƙe. Kwatanta da batirinka mai 100 Ah, kafin ya sauka zai iya zagaya da kulom 360 000 cikin waya, namu na dabuwar kashi huɗu ne cikin miliyan na kulom guda. Da damina ba ka jin tsunkulin don laima na sa sharjin ya zurare kafin ya taru, hunturu ne ke busar da komai. Abin dariya ma, a wurin nan na santimita 6 kafin B in ka lissafa fili 625 000 + 2 500 000 ne, ya haura miliyan 3, da a ce da gaske aka jera sharjin nan cikin iska da iskar kusa da su ta fara tartsatsi tun kafin ƙanwata ta gama ta ɗaya. Masu rubuta egzarsis lambar da ke rabuwa da kyau suke nema, ba su damu da wannan ba.

mai_sola_Ader (Tawa)

To madalla, yau na samu abin ba yarona labari. Ashe bargon tsohuwata ya hi kuran ɗin gari yawan bolt hhh. Ɗiyar Premiyar in kin gama ki zo shago kusa da tasha in ba ki mita ki auna batir da hannunki, ku zo da ƙawar taki.

Mushe_mai_ritaya (Yamai, Yantala)

Ɗan jami'a ka yi kyau, sai dai ka ba ta ta biyar a baki, da ka bar ta ta ɗan yi gumi. Ɗiyata abu guda ya rage, wajen kwafewa ki sa kibiya bisa kan E na fili da F na ƙarfi duk inda kike maganar bektar, wato girma tare da inda ya fuskanta, ki cire ta inda kike ba da girma kawai, kuma kowace amsa da ma'auninta a gefe, N, V/m, V, m, J. Zanen ki yi shi da regil ya ci rabin shafi, kibiyar A ta ninka ta B sau huɗu a tsayi.

BaAdara_1D (Tawa)

Jama'a na dawo, yau Litinin mun maida. Bai gyara takardun ba tukuna amma ya ce wa zai hito tablo ya yi ta huɗu, aji ya yi tsit kowa na kallon tebur, ni dai ban san sa'adda hannuna ya tashi ba. Na ja layi na raba uku na zana kibiyoyi, alli har karyewa ya yi don hannuna na rawa, da na zo kan −0,1 na ce an yi watsi da shi sai ya ce don mi, na ce jaki na ja mai shi na turawa, aji duka ya hwashe da dariya shi ma sai da ya juya baya ya murmusa sannan ya ce in hwaɗe shi da Faransanci. Na manta kibiya bisa E guda ɗaya ya zagaye ta da jan alli, Baba Mushe ka yi haƙuri.

Yanzu ya shiga sabon darasi, faranti biyu na ƙarhe suna kallon juna, santimita 2 tsakani, bolt 100, wai E = U/d, wato a raba bolt ɗin da tazarar da ke tsakaninsu. Na samu 5 000 V/m, wanga karon sai da na maida santimita mita kahin in taɓa kalkilatiris. Abin da ban gane ba ya ce a bar nauyin elaktaron kar a sa shi cikin lissahi, ɗan Tarminal ku da kuke yin wanga kullum, don mi?

ɗan_Tarminal_C (Yamai, Bukoki)

5 000 daidai. Lissafa duka biyun ki jera su ki gani da idonki, na lantarki sharjin elaktaron ne sau fili, 1,6×10⁻¹⁹ × 5 000 = 8×10⁻¹⁶ N, nauyinshi kuma kilo 9,1×10⁻³¹ sau 10, wajen 9×10⁻³⁰ N. Ki raba na farko da na biyu ki zo ki faɗa mana zero nawa kika ƙirga, kuma dan Allah EXP kaɗai, ban da ×10.